Yatsan Baba Sajo a Rumbun Ƙungiya

Bushira tun tana ƙarama ba ta yarda a ce abu ya lalace haka kawai. In Inna Altine tana saƙa faifai ya karkace, sai ta ce kabar ce ba ta da kyau, ta wurgar da shi gefe. Ita kuwa Bushira sai ta lallaɓa ta ɗauka, ta zauna gindin turmi tana warwarewa zagaye bayan zagaye, har ta kai inda aka tsallake ɗinki ɗaya, ta sa farce ta nuna. Ta sha ranƙwashi a kan wannan hali, don ba uwar da ke son 'yar shekara bakwai ta nuna mata inda hannunta ya kauce. Bai hana ta ba. Rediyon Baba ma sau biyu tana buɗe shi, na biyun ya tashi.

Ni ne yayanta, Abdulmumini, da shekara tara na girme ta, kuma da ƙyar na ga ƙarshen aji shida. Saboda haka duk abin da ya shafi na'ura a nan, yadda ta bayyana mini ne na riƙe.

Gidanmu yana gefen Kara. Kakanmu da shanu ya zo, ya ga ƙasa ta yi masa, ya kafa bukka, bukka ta zama ɗaki. Baba Sajo a nan aka haife shi, a nan ya yi furfura, fartanya ya fi sani a kan sanda. Amma har gobe in magana ta yi zafi a dandali, akwai mai cewa mutanen nan na bayan gari, kamar jiya muka sauke kaya. Baba ba ya tankawa. Abu ɗaya yake taƙama da shi, tun da yake ba a taɓa kai sunansa gaban mai unguwa ba. Bushira sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kama sunanta, sai dai Uwata.

Da ta shiga sakandare a Gwarzo ta haɗu da Malama Lucia, wata 'yar Filato da ta shekara ashirin tana koyar da lissafi a garin, Hausarta ta fi ta wasunmu. Malamar tana da ɗan shago kusa da tasha, ana buga takardu, ana hoton takarda. Da farko shara Bushira take yi mata bayan an tashi, daga shara ta koma share ƙurar kwamfuta, daga nan sai aka same ta zaune a gabanta. Malama Lucia takan ce yarinyar nan ba ta tambaya sau biyu, amma ta farkon tana da tsawo. Ita ce ta taka har Kara a kan babur, ta zauna kan tabarma ta sha fura, ta roƙi Baba ya bar yarinyar ta je Kano ta yi difiloma. Baba ya kaɗa bijimi ɗaya zuwa kasuwa bai ce da kowa komai ba.

Ta gama, ta dawo, ta yi shekara biyu tana zaune. Ta kai takardu ofis-ofis har kwalin ya yi laushi. Sai bara waccan wata ƙungiyar manoma da ke da ofis a Gwarzo, rumbun takinta kuma a Kabo, ta ce ta gaji da masu karɓar taki sau biyu da sunan matattu, za ta koma ɗaukar yatsa. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Maikuɗi, ya ba ɗan ƙanwarsa Hadi aikin haɗa manhajar. Hadi ɗan birni ne, yana zuwa da mota mai sanyi, kuma ko gaisuwa yake sai ya cusa Turanci a ciki. Ana neman masu zagayawa ƙauyuka da na'urar ɗaukar yatsa, Malama Lucia ta kai sunan Bushira. Aka ba ta Kara da Sabon Birni, wani ma'aikacin kuma aka ba shi Lakwaya da ƙauyukan ɓangaren Kabo.

Wata biyu tana wannan aiki a tsakiyar bazara. Mutum ya zo, ya faɗi sunansa da gonarsa, ya ɗora babban yatsan dama a kan ɗan gilashi mai jan haske, na'ura ta yi ƙara, a ce ya shiga. Ranar da ta ɗauki na Baba, sai da ya sa babbar rigarsa. Ya zauna a layi kamar kowa, ya ƙi yarda ta tsallake da shi. Da ya ɗora yatsa aka ji ƙarar, ya waiga ya kalli mutane ɗaya bayan ɗaya, don su san 'yar wa ce ke riƙe da abin.

Ana saura kwana goma sha biyu rabon taki, ruwan farko ya riga ya sauka, aka kira kowa gwaji a Gwarzo. In ka ɗora yatsa sunanka ya fito, an tabbatar da kai. Cikin mutum sama da dubu biyu, talatin da ɗaya na'ura ta ce ba ta san su ba. Baba yana ciki. Sau shida ya ɗora, ya goge a riga ya sake ɗorawa, ya gwada na hagu ko za a dace. Layi ya fara gunaguni. Wani daga baya ya ce tsoho ya matsa, na'ura ba ta jin yaren shanu, aka yi dariya.

Hadi ya leƙo daga ofis, bai ko kalli kwamfutar ba. Ya ce matsalar mutanen ƙauye ke nan, hannu duk kanta da dauɗa, mata kuma ga lalle, su je su wanke yatsu da kyau su dawo. Manhajarsa lafiya lau take, an gwada ta a Kano. Bushira a lokacin ta yarda, don shi ne ya haɗa abin, ita ɗauka kawai aka sa ta. Ta rako Baba har bakin titi, tana jin kunyar idon mutane, ta ce masa:

"Baba, ka wanke yatsan sosai. Ka goge kantar nan. Sai ka dawo a sake."

Ya ce to, Uwata.

Maganar wanki ta zaga ƙauyuka kafin magariba. Kowa da dabararsa. Mata suka shiga dirzar lalle da lemun tsami, wasu da toka, wasu da kanwa. Aka ce a Lakwaya wani ya jiƙa yatsa a kananzir. Bayan kwana uku suka dawo, su talatin da ɗayan nan, ba wanda ya shiga ko ɗaya.

A nan ne Alhaji Maikuɗi ya tashi tsaye a barandar ofis, gaban jama'a. Ya ce na'ura ba ta ƙarya, ba ta da dangi, ba ta cin goro. Wanda ta ƙi, ko dai ba shi ne ya yi rajistar ba, ko an sa wani ya ɗora masa yatsa don a ci taki biyu. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki, a cikin waɗanda aka kama har da uban ma'aikaciyarsu. Bai kama suna ba, ya dai juya ya kalli Baba, kowa ya bi idonsa. Ya sa aka kawo jan biro, aka ja layi a kan sunaye talatin da ɗaya, aka manna takardar a ƙofa. Ya ce in ba a zo masa da wata hujja ba kafin ranar rabo, an kore su daga ƙungiya ke nan, kuma za a aika wa masu unguwanninsu.

Baba ya sa takalmansa ya kama hanya. Bai tsaya neman mota ba. Bushira ta bi shi da ido har ya sha kwana. Takin bai dame ta ba. Ita ce da hannunta ta riƙe yatsan nan ta ɗora a gilashi, ta san nasa ne kamar yadda ta san sunanta. To in nasa ne jiya, me ya sa yau ba nasa ba ne?

Ba ta koma gida ba. Ta aiko mini in gaya wa Inna za ta zauna wurin Malama Lucia kwana biyu, kwana biyun da ya zama bakwai. Washegari da hantsi, Hadi ya tafi Kano, sakataren ofis ya fita karyawa, ta zura fulas, ɗan abin kwafar bayanai, a kwamfutar ofis ta kwafe rumbun bayanan gaba ɗaya, wato inda kwamfuta ke tara sunan kowa da yatsansa. Ba a ba ta izini ba, ta kuma san ba a ba ta ba.

A bayan shagon Malama Lucia ta baje, tsakanin kwalayen takarda, in an kawo wuta ta yi aiki, in an ɗauke ta jira a tada janareta. Yadda ta ce mini, na'urar ba hoton yatsa take ajiyewa ba. Tana duba zanen da ke jikinsa ne ta mai da shi lambobi, jere guda mai tsawo, kusan lamba ɗari biyar ga kowane mutum. Kwana biyu tana zargin na'urar da ta yi yawo da ita, ko rana ce ta taɓa ta. Sai ta lura goma sha huɗu daga cikin mutanen 'yan Lakwaya ne da ɓangaren Kabo, ba ita ta ɗauke su ba, ba kuma da na'urarta ba. Ta koma zargin lalle, ta ga maza sun fi yawa. Ta zargi tsufa, ta ga akwai ɗan shekara ashirin da biyar. Malama Lucia tana kawo mata shinkafa da wake a kula, tana cewa ki ci, lissafi ba ya shiga cikin da ba komai.

Rana ta uku ta bar duba abin da ke ciki, ta ce bari ta auna tsawo kawai. Ta sa kwamfuta ta jera mata kowa da yawan lambobinsa. Na kowa ɗari huɗu da wani abu, ɗari biyar. Da ta iso kan Baba, sittin da ɗaya. Na wata tsohuwa Sa'a daga Lakwaya, ɗari da takwas. Duk talatin da ɗayan nan gajeru ne, ba guda da ya cika. Ashe yatsun lafiyarsu ƙalau. Abin da aka ajiye ne guntu, na'ura kuma tana gwada cikakken yatsa da guntu, dole ta ce ba ta san shi ba.

Sauran tambaya, wa ya gutsure? Ta bi ƙarshen kowane guntu, kamar yadda take bin faifan Inna. Dukkansu a kan lamba ɗaya suka tsaya, casa'in da biyu. Ta buɗe rubutun manhajar Hadi, ta bi layi-layi da yatsa, har ta iso inda ake miƙa wa rumbu lambobin. A nan ta ga abin.

Da na kai mata kayan sawa ranar, na same ta ta rubuta 92 da 39 a tafin hannu da biro. Na ce ko lambar mota ce. Ta yi dariya, karon farko tun ranar baranda, ta ja ni ta zaunar.

"Yaya, ka ɗauka ka aiki mutum da saƙo mai tsawo, ka ce masa in ka ji na ce shi ke nan, ka tashi ka tafi. To a tsakiyar saƙon naka akwai shi ke nan. Me zai yi?"

Na ce zai tashi da rabin saƙo.

Ta ce to haka rumbun yake. Hadi bai miƙa masa lambobin yatsa a matsayin kaya ba, ya cusa su ne a cikin magana, kamar wasiƙa. A wurin rumbu kuwa talatin da tara ita ce shi ke nan. Hadi ya san da haka, shi ya sa ya sa mata mai gadi: duk inda talatin da tara ta fito a cikin yatsan mutum, sai a ɗora casa'in da biyu a gabanta, ma'ana wannan ba ta rufewa ba ce, ci gaba. Abin da bai yi tunani ba, akwai mutanen da Allah ya yi zanen yatsansu da casa'in da biyu tana gaban talatin da tara tun asali. In aka ƙara wata suka zama biyu, sai su kashe juna, gadi ya tashi, rumbu ya ji shi ke nan ya rufe baki, sauran lambobin su zube. Shi kuma ya rubuta manhajar yadda ko an yi kuskure ba za ta faɗa ba, sai dai ta yi ƙarar nan mai daɗi ta ce ya shiga. A Kano da mutum goma ya gwada, duk abokansa, ba a dace da mai irin wannan yatsa ba.

Ta nuna mini da idona. Ta ƙirƙiri lambobi ɗari biyar ta dasa biyun nan a tsakiya, ta tura, suka fito rabi. Ta gyara wurin, layi huɗu kacal, yadda za a miƙa lambobin daban, maganar daban, ba sai an nemi mai gadi ba. Ta sake turawa, suka fito cif. Na tashi na fita waje na dawo, don ban san inda zan sa kaina ba. Ƙanwata ce, wadda na goya a wuya zuwa rafi, ta kamo abin da mai mota ya kasa gani. Har mai shayin tasha sai da na gaya wa, shi da bai san kan zancen ba.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Abin da ya zube ya zube, ba ya ko'ina. Dole sai an sake ɗaukar yatsun mutanen.

Ana saura kwana uku rabo ta shiga ofis da kwamfutar Malama Lucia a hammata, malamar tana biye da ita. Hadi ya dawo. Da ya ji bayanin sai ya kwantar da kujera baya, ya ce sannu Farfesan Kara, ashe a ruga ma ana koyar da wannan. Ya tambaye ta ko ta san digiri nawa gare shi. Malama Lucia ta ce ɗana, ba digirin aka zo dubawa ba, layi na tamanin da bakwai aka zo dubawa, buɗe mu gani. Bai buɗe ba. Ya juya ga kawunsa ya ce babbar magana ita ce wa ya ba yarinyar nan izinin kwashe bayanan ƙungiya.

Bushira ba ta yi musu ba. Tsohuwa Sa'a tana zaune a waje, kullum sai ta zo tun daga Lakwaya ta zauna ƙarƙashin takardar nan mai jan layi, ko za a ji tausayinta. Bushira ta shigo da ita. Ta ɗora yatsa a manhajar Hadi, aka ce ba a san ta ba. Aka sake ɗaukar ta da gyararriyar, ta ɗora, sunanta ya fito da gonarta. Aka maimaita sau uku. Tsohuwar ta ce da na'urar, au, yau kin waye ni, 'yar nema. Sakatare ya ƙunshe dariya.

Alhaji Maikuɗi ya daɗe yana jan carbi. Daga ƙarshe ya ce shi mutum ne mai adalci, za a ba su rana ɗaya, jibi, a rumbun Kabo, daga safe zuwa la'asar. Wanda ya shiga a goge masa jan layi, wanda bai shiga ba maganar farko tana nan. Ya ce Hadi ya karɓi gyaran ya duba shi da kyau. Bai ce an yi kuskure ba, bai ce a ba kowa haƙuri ba.

Bushira ko a jikinta. Ta ce in zo in kai ta gida yanzu-yanzu. A bayan babur ɗin da nake acaba da shi tana ta zuba, yadda za ta gaya wa Baba, yadda zai sa babbar rigar nan, yadda za ta sa a ɗauke shi farko ko ya ƙi. Ni kuma tuƙina kawai nake. Na san abin da ke gida, Baba ya hana a gaya mata, ya ce kar a ɗaga mata hankali tana aiki.

Ta same shi a zaure bayan la'asar, hannuwansa biyu a cinya, manyan yatsun a naɗe da tsumma. Tun ranar baranda bai fita dandali ba, masallaci ma sai ya bari an tada salla ya shiga sahun baya. Kullum da safe sai ya zauna bayan ɗaki da dutsen goge kaushi, da toka, da lemun tsami. Da ya ga kantar ba ta fita, ya koma dutsen wasa wuƙa. Inna ta yi magana, ya ce ita ta san na'ura ne ko 'yarta. Ya yi wa na dama, ya ce ƙila su nemi na hagu, ya yi masa shi ma.

Bushira ta durƙusa ta warware tsumman a hankali. Babu zane. Jan nama ne sumul yana ruwa, gefe ya fara kumbura.

Baba ya ce, "Na wanke, Uwata, yadda kika ce. Yanzu ai zai shiga ko?"

 Ta mayar da tsumman, ta ɗaure, ta shiga ɗakin Inna ta juya fuska ga bango.

Ranar Kabo ya sa babbar rigar. Mutum talatin suka ɗora yatsa ɗaya bayan ɗaya, talatin suka shiga, sakatare yana bin jan layi yana sa hannu a gefe. Hadi ne zaune gaban kwamfuta, yana gaya wa duk wanda ya matso cewa ya kwana uku bai runtsa ba kafin ya gano matsalar. Bushira tana tsaye a bayansa kamar 'yar kallo. Da aka zo kan Baba, ya cire tsumma ya ɗora, jan hasken ya kama, ba ƙara. Ya danna da ƙarfi har gilashin ya ɓaci. Ya gwada na hagu. Wannan karon na'urar gaskiya ta faɗa, ba abin da za ta karanta.

Bushira ta je gaban Alhaji ta durƙusa, abin da ba ta yi ba ko ranar da ta kawo gyara. Ta ce na'ura ba ta bambance babban yatsa da manuni, a ɗauki manuninsa, minti ɗaya ne. Ko a duba rumbun bayanai, guntun nasa yana nan, lamba sittin da ɗaya, ya tsaya daidai inda na sauran suka tsaya, wannan kaɗai ya isa shaida. Alhaji ya ce doka babban yatsa ta ce, in ya karya ta saboda uban ma'aikaciya, da wane ido zai kalli jama'a. Sai ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji.

"Talatin sun zo da yatsunsu an wanke su. Mutum ɗaya ne ya kankare nasa kafin ranar bincike. Ni dai ban ce komai ba."

Bai ce komai ba, amma kafin mu iso Kara maganar ta riga mu. Aka ce tsohon ya san abin da ya shuka, shi ya sa ya goge shaida. Waɗanda suka ba da shawarar toka da kanwa su ne kan gaba wajen faɗa. Aka aika wa mai unguwa takarda. Shi mai unguwar ya san Baba tun suna yara, ya naɗe ta ya sa a aljihu bai kira shi ba, amma an dai kai sunan, abin da Baba ya yi shekara sittin da bakwai yana kauce wa.

Bayan mako guda aka ba Bushira tata takardar, an sallame ta saboda taɓa bayanan ƙungiya ba da izini ba. Gyaranta yana nan a cikin manhajar, har yau da shi suke aiki, layi huɗun nan ko waƙafi ba a canja ba. Sakatare ne ya gaya mata. Da kaka Hadi ya kira ta a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa, wai ya samu irin aikin a wata ƙaramar hukuma, hotuna suna fitowa rabi, ko za ta ɗan duba masa. Ta ce ya gaya wa mutanen su wanke fuska da kyau, ta kashe wayar.

Yanzu tana shagon Malama Lucia, ita ke riƙe da shi tun da ƙafa ta fara damun malamar. Tana buga takardu, tana koya wa 'yan mata shida kwamfuta da rana. Abu na farko da take koya musu, in na'ura ta ƙi mutum, a fara duba na'urar kafin a ce wa mutum komai. Ni kuwa duk fasinjan da na ɗauka daga tasha sai na rage gudu a ƙofar shagon na nuna masa, na ce ka ga waccan mai farin gilashin, ita ce ta kamo casa'in da biyu da talatin da tara. Yawancinsu ba sa gane me nake nufi. Ba ruwana, sai na faɗa.

Yatsun Baba sun warke bayan wata biyu, zanen ya dawo, sai ɗan tabo a na dama. Da aka buɗe sabuwar rajista bana, Bushira ta ce ya zo ta raka shi, yanzu zai shiga. Ya ce a'a, Uwata, ya gode. Ita kuma ba ta sake tayar da zancen ba. Sunansa yana nan a tsohuwar takarda da jan layinsa.

A waccan daminar, kwana biyu bayan rabo, tsohuwa Sa'a ta aiko da kwano ɗaya na taki daga buhunta, ƙulle a leda, ta ce a ba uban yarinyar nan. Baba ya so ya mayar, Inna ta ce ba a mayar wa tsohuwa hannu. Ya barbaɗa shi a kunya huɗu na masara da ke bakin hanyar shiga gida, iya inda ya kai ke nan. Kunya huɗun nan suka yi baƙi ƙirin, suka fi mutum tsawo, sauran gonar kuwa ta tsaya iya ƙugu, ganye rawaya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya gani. Bushira in ta zo gida ranar Juma'a, sai ta ce in sauke ta tun daga bakin rijiya, ta zagaya ta bayan danga ta shiga. Haka ta yi har aka yanke masarar.